Namijin Da Aka Yi Wa Fyaɗe: Don Me Ake Ɗora Masa Laifi?

Ran 6 ga watan Janairu na 2020, wata kotu a birnin Manchester na ƙasar Ingila ta yanke wa wani ɗalibi mutumin Indonesiya, mai suna Reynhard Sinaga, hukuncin ɗaurin rai da rai, bayan an same shi da laifuffuka 159 a kan maza 48, ciki har da fyaɗe 136. Yakan tsinci samari da dare a kusa da gidajen rawa, ya kai su ɗakinsa da sunan taimako, ya zuba musu maganin gusar da hankali a cikin abin sha. Galibinsu ba masu neman maza ba ne, kuma da yawa ba su san abin da ya same su ba sai da 'yan sanda suka nemo su.

A gaban shari'a ya ce da yardarsu aka yi. Kotu ta ƙaryata shi, domin ga hotunan da ya ɗauka da wayarsa. To amma wanda ba shi da irin wannan shaida fa? Sau da yawa tambayar da ake fara yi masa ita ce: yaya ƙato kamarsa ya kasa kare kansa?

A 2006 masana biyu na Ingila, Michelle Davies da Paul Rogers, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan al'amari. Sun gano cewa maza sun fi mata saurin ɗora wa namiji laifi. Idan mai neman maza ne, zargin ya fi yawa, don ana ɗauka ya ji daɗin abin. Idan kuwa mace ce ta ci zarafinsa, sai a ƙi yarda an cuce shi.

Doka ma ta daɗe da wannan ra'ayi. Sai a 1994 Ingila ta amince ana iya yi wa namiji fyaɗe. A Nijeriya, sashe na 282 na dokar Penal Code mace kaɗai ya ambata, sai dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta haɗa da maza.

Illar zargin nan ita ce shiru. Wanda ya san za a tuhumi mazantakarsa ba zai je asibiti ko ofishin 'yan sanda ba, mai laifi kuwa ya ci gaba da ɓarnarsa. Asirin Sinaga bai tonu ba sai a 2017, da wani saurayi ɗan shekara 18 ya farfaɗo, ya yi kokawa da shi, ya kira 'yan sanda.