Takardar Neman Aiki Ga Wanda Aka Sallama

Tun daga shekarun 1990 masana'antu da yawa na Bompai da Sharada da Challawa suka rufe, saboda ƙarancin lantarki da shigowar yadi mai araha daga waje. Magidanta masu shekara arba'in zuwa hamsin suka komo ƙauyukansu a ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gonaki suka tsuke, rabon gado ba ya ciyar da gida. Lalle irin wannan mutum ya sake neman aiki, kuma sau da yawa wurin malamin hakimi ya kan zo a rubuta masa takarda.

Abin da malami zai kiyaye shi ne, takardar neman aiki ba ta koke ba ce. Mai ɗaukar aiki ba ya tambayar yawan iyali, abin da hannu ya iya shi ya ke so ya sani. Sai a fara da aikin ƙarshe, a yi ta komawa baya, kowanne da shekararsa. A faɗi injin da ya riƙe, da yawan mutanen da ya shugabanta. Dalilin sallama kuwa layi ɗaya ya isa, watau masana'anta ce ta rufe. A haɗa da kwafin takardar shaida, ta asali ta zauna gida. Kada a rage shekarun haihuwa, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hakimi kuma ya shaidi halin wanda ya sani, sa'an nan ya nuna masa ofishin Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, domin a can a ke koyar da sabuwar sana'a.