Tafiya Ƙauye a Bazara: Duba Taya Kafin Ka Duba Caji

Idan kana da biki ko gaisuwa a ƙauye tsakanin Maris da Mayu, fara da tayoyinka. A bazara kwalta tana ɗaukar zafi sosai, iskar cikin taya ta ƙara ƙarfi, tsohuwar taya kuwa ba ta da haƙuri. Duba gefenta, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce shekara huɗu ce rayuwar taya. Tayoyin gwanjo da yawa sun ci wannan wa'adi tun kafin su iso kasuwa.

Amma ruwan farko ya fi ban tsoro. Baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a titi wata da watanni suna haɗuwa da ruwa, hanya ta yi santsi kamar an shafa sabulu. Ka taka birki da ƙarfi, mota ta kwashe. Ramin da ka saba kauce wa ya cika da ruwa, ba ka ganin zurfinsa. Kafin ruwan ma, guguwa takan rufe hanya da ƙura. Kunna fitila ko da rana ce.

Lokacin ne kuma manoma ke kai taki gona. Amalanke ba ta da fitila, tumaki ba su san hon ba. Gudun kilomita 80 da doka ta yarje a babbar hanya ya yi yawa a nan, balle ga mai riƙe da waya yana bidiyon TikTok, wai hadari ya yi kyau.

Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122. Saka ta a wayarka yanzu.