Kaspar, abokin wasan da ba ya gajiya

Da yawanmu mun taɓa zama aji ɗaya da irin yaron nan: ba ya haɗa ido da kowa, a kira sunansa kamar bai ji ba, in an kaɗa ƙararrawar tashi sai ya toshe kunne. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce aljanu. Sau da yawa galahanga ce, yanayin da ake haihuwar mutum da shi, wanda ke sa mu'amala da jama'a ta yi masa wuya.

Mu dubi fuskar mutum. Gira na motsi, ido na juyawa, murya na hawa da sauka, duk a lokaci guda. Mu mun saba, amma ga mai galahanga abin kan yi yawa, kamar a ce malamai biyar na koyarwa tare a aji ɗaya.

Wannan ne ya sa masana a Jami'ar Hertfordshire da ke Ingila, ƙarƙashin Farfesa Kerstin Dautenhahn, suka ƙera wani mutum-mutumi mai suna Kaspar a 2005. Girmansa kamar na ƙaramin yaro ne, kuma da gangan aka sauƙaƙa fuskarsa. In zai yi murmushi, murmushin kaɗai zai yi, kuma yadda ya yi yau haka zai yi gobe. Yana waƙa, yana kaɗa ganga, yana wasan da ake yi bi da bi. Yaro zai iya neman a maimaita abu sau talatin, Kaspar ba zai yi tsaki ba. Mu kam a na uku mun fara harara!

An saka masa na'urorin jin taɓawa a jiki. In yaro ya yi masa cakulkuli sai ya yi dariya. In ya mintsine shi, sai ya kau da kai, ya nuna ya ji zafi. Ta haka yaron ke gane irin taɓawar da mutane ba sa so, ba tare da wani ya ji ciwo ba.

Kada dai mu ɗauka magani ne. Galibi malami ne ke zaune a gefe yana sarrafa shi, kuma iya wasa da na'ura daban, iya zama da mutane daban. Shi ya sa masu binciken suka fi sa ido kan wani ɗan lokaci: sa'ad da Kaspar ya yi abin dariya, yaron ya juyo ya dubi malaminsa don ya ga ko shi ma ya gani.