Kayan Rubutu da Zayyana a Ƙasar Gwandu da Yadda Ake Kula da Su

Manazarta sun yi rubuce-rubuce masu yawa game da littattafan malaman jihadi, amma kaɗan ne suka waiwayi kayan da aka rubuta littattafan da su. Ga shi kuwa Gwandu gari ne na alƙalami tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829. A nan ne Heinrich Barth ya samu kwafin Tarikh al-Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana waɗannan kaya kamar yadda ake amfani da su a makarantun allo na Maruda da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kabi.

Sunayen kayan su kansu shaida ne a kan hanyar da suka biyo. Alƙalami da allo daga Larabci suke, sun shigo tare da harafin al- na farkonsu. Tawada kuwa asalinta dawat, watau kurtu, amma ta- ɗin da ke gabanta alama ce ta cewa ta ratso ta bakin Buzaye, kamar takarda. Greenberg kuma, a 1960, ya kawo hujjar cewa kalmomin rubutu da karatu ta hannun Barebari muka same su.

Alƙalamin almajiri na sillen kara ne. Na mai rubutun Alƙur'ani kuwa an fi so a yi shi da gamba wadda ta ƙosa ta bushe, domin bakinta ba ya saurin lanƙwasa. Ana feƙe shi da wuƙa mai kaifi, a tsaga bakin kaɗan don tawada ta riƙa gangarowa, sa'an nan a datse kan a karkace. Faɗin wannan datsa shi ke ba rubutun Magribi na ƙasarmu kaurinsa. Saboda haka mai rubutu ba ya yarda a taɓa masa alƙalami, kuma wuƙar fiƙa ba a yanka kome da ita. In an gama aiki sai a goge bakin. Barinsa a tsome cikin kurtu yana jiƙa shi, tsagar ta buɗe, ya shiga zubar da tawada.

Batun tawada shi ya fi bukatar bayani, don nan ne kuskure ke jawo hasarar da ba ta gyaruwa. Iri biyu ne manya. Akwai ta zuge, wadda ake yi da gawayin itace a haɗa da ƙaro. Wannan a kan allo take zama ba ta shiga cikinsa, shi ya sa take wankuwa. Akwai kuma yambari, ta takarda, wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera. Ɗacin bagaruwa shi ke haɗuwa da ƙarfe ya haifar da baƙi mai kama takarda, yana kuma ƙara duhu bayan ya sha iska. Amma in ƙarfen ya yi yawa, tawadar da kanta za ta ci takardar a hankali. Duk wanda ya saba duba tsofaffin littattafai ya ga shafin da haruffansa suka zama ramuka, gefensa kuwa lafiya lau. Sau da yawa a kan ɗora wa asu laifin, alhali laifin na mai dafa tawada ne tun shekara ɗari da ta wuce. Ƙaro ma haka: in ya gaza rubutu ya goge, in ya zarce rubutu ya tsattsage, ganyaye kuma su manne da juna da damina. Da hunturu a kan rufe bakin kurtu saboda ƙura da bushewa. In tawada ta yi kauri sai a ɗiga ruwa a motsa.

Allo an fi yin sa da itacen aduwa. A inuwa ake shanya shi bayan wanki, don rana mai zafi tana tsaga shi, kuma jingine shi ake yi nesa da inda gara ke hawa.

Sai kayan zayyana, watau adon allon sauka da alamomin hizbi da rubu'i da sumuni da sajada a gefen shafi. Layi da da'ira su ne tushensu. Wasu marubuta kan ɗaure zare jere a kan kwali, su danna takarda a kai, sai sawun layuka ya fito ba tare da tawada ba. Larabawa na kiran wannan misɗara. Da'ira kuwa da bikar ake fitar da ita, wanda 'yan boko ke kira kamfas. Yanzu rula da kamfas da fensir na 'yan makaranta sun shiga hannun masu zayyana, ni kuwa ban ga aibu a nan ba, muddin an san halinsu. Kamfas ɗin da gaɓarsa ta saki ba ya rufe da'ira, sai a ɗaure ta, a kuma shafa masa ɗan mai saboda tsatsa. Tsininsa yana huda takarda, don haka a kan sa wata 'yar takarda a ƙarƙashinsa. Rula kuma a goge gefenta bayan kowane layi, in ba haka ba jar tawada za ta shiga cikin rawaya. Kowane launi da alƙalaminsa da kurtunsa.

Takardar da aka fi yarda da ita a ƙarni na 19 ita ce mai tambarin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya ta ratso Sahara. Littattafanmu ba ɗinka su ake yi ba. Ganyaye ne a sake, a sa tsakanin tadarishi, a ɗaure, a jefa cikin gafaka a rataye. Shi ya sa marubuci ke sa kalmar farko ta ganye mai zuwa a ƙasan wanda ya gama, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowanne gurbinsa.