Katangar Kurmawa Ba Ta Tare Ƙanjamau

Tun 1910 gidan yarin Kurmawa yake tsaye a maƙwabtan fadar Sarkin Kano, amma da wuya ka ji mutanen cikin gari suna zancen lafiyar waɗanda ke ciki. Alhali 'ya'yanmu ne, kuma galibin mazauna gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Yau suna Kurmawa ko Goron Dutse, gobe an ba da belinsu sun dawo Yakasai ko Mandawari wurin matansu, da duk abin da jininsu ya ɗauko.

Binciken da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na UNODC suka yi a 2018 ya nuna kashi 2.8 cikin ɗari na fursunonin ƙasar nan na ɗauke da cutar ƙanjamau, ninki biyu na kashi 1.4 da ke tsakanin sauran jama'a. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne: reza ɗaya ta zagaye kawuna da yawa, sirinjin ƙwaya na karɓa-karɓa, da lalata tsakanin maza, sau da dama bisa tilas ko don a samu abinci da wurin kwanciya. Kunya ce ta hana mu faɗa, ita kuwa cuta ba ruwanta da kunyarmu.

Abin da ya fi damuna shi ne yankewar magani. Mutum yana shan ƙwayoyinsa kullum, a kama shi, ya ɓoye wa gandiroba don gudun tsangwama. Cikin 'yan makonni ƙwayar cutar ta sake yawaita a jini, tarin fuka ya samu ƙofa a ɗaki mai cunkoso, wani lokaci ma maganin farko ya daina aiki. Wanda kuwa ya riƙe magani har gwaji ya kasa gano ƙwayar a jininsa, ba ya shafa wa iyalinsa ta hanyar saduwa. Don haka idan ɗan'uwanka mai shan magani ya shiga hannu, ka kai katinsa na asibiti ga ma'aikatan lafiyar gidan kafin ka yi tunanin tuwo. Maganin kyauta ne a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, kuma wata doka ta 2014 ta haramta nuna wa mai cutar wariya.

Batun raba kwaroron roba a cikin gidan yari, Hukumar Lafiya ta Duniya na goyon baya, malamai da iyaye da yawa ba za su yarda ba. Amma a ɗakin aure babu wannan gardamar. Idan miji ya fito, gwajin farko kan kasa kama cutar da aka ɗauka kwanan nan, sai an maimaita bayan wata uku, kuma a tsakanin nan kwaroron roba ne kariyar matar da ta yi haƙurin jira.

Kano ta wajabta gwaji kafin aure tun 2024. Haka ma ya kamata a riƙa tayin gwajin sirri, bisa yardar mutum, ranar shiga gidan yari da ranar fita. Kafin hukuma ta tabbatar da haka, in naka ya fito, ka raka shi gwaji a makon farko.