Magina da Ginin Ƙasa a Ɗanzomo

Idan an gama girbi, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, lokacin magina ya zo a Ɗanzomo da sauran garuruwan masarautar Gumel. Daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, har bakin iyaka a Maigatari, rani shi ne kakar mai gini, domin laka tana son rana, kuma tubalin da bai bushe ba ba ya ɗaukar nauyi.

Aikin magini yana farawa ne tun daga zaɓen ƙasa. Wannan yanki jigawa ce, yashi ya fi yawa, shi kuwa yashi ba ya kama jikinsa. Sai an gangara kududdufi ko bakin tafki a haƙo mai danƙo. Gwani yakan dunƙula ta a tafin hannu, ya murza, ya san ko za ta tsage in ta bushe, ko kuwa za ta marmashe. In danƙo ya yi yawa a surka da yashi, in ya yi kaɗan a sake wuri. Daga nan a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, matasa su shiga da ƙafa suna kirɓawa. Akan bar kwaɓin ya kwana biyu ana sake juya shi, har ya nuna.

Tubalin gargajiya da hannu ake cura shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana kamar mako biyu. Wajen ɗora shi, magini yana bisa bango, yaransa na ƙasa suna jefa masa curin laka yana cafewa, yana cike tsakanin tubala. Ba a garaje, sai sahun jiya ya sha iska a hau na yau. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. Wannan kaurin ne ke tare zafin bazara da rana, ya kuma riƙe ɗumi a daren sanyi.

Rufi shi ne inda ake gane gwani. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, tana da ƙarfi, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta haye faɗin da ya kai mita 2 ba tare da tallafi ba. Don haka magina suka ƙware wajen jera ta hawa-hawa daga jikin bango, har suka kai ga bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke ɗaukar rufin babban soro. A kan azara a shimfiɗa zana, a bi da laka, a karkata rufin yadda ruwa zai bi indararo ya zuba nesa da gindin bango. Sai a ja rawani, a kafa zankwaye a kusurwoyi. Yaɓen ƙarshe kuwa da makuba ake yi, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke hana ruwan sama cin bango. A manyan birane har da laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara.

Sana'a ce ta gado. Yaro yakan fara da ɗibar ruwa da kirɓin laka, ya koma curin tubali, ya daɗe kafin maigidansa ya yarda ya hau bango. A ƙasar Hausa magina suna da sarkinsu, kuma sun fitar da mutanen da tarihi ya riƙe. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A Yama ta Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Yau bulo da siminti da kwano sun mamaye gari, masu ginin ƙasa ma da yawa sun koma bulon laka na akwati domin ya fi sauri. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Ruwa mai ƙarfi irin na daminar 2022 ya rusa ɗakunan ƙasa da dama a Jigawa, mutane suka ƙara tsorata da su. Tsoron yana da dalili, amma a duba inda ɓarnar ke farawa: gindin bangon da ruwa ya kwanta masa, indararon da ya toshe, yaɓen da aka shekara uku ba a sabunta ba. Wasu kuma su lulluɓe bangon laka da siminti, danshi ya maƙale a ciki yana cin sa a ɓoye. Masu gyaran tsofaffin gidajen laka na Debon a Ingila sun gamu da wannan matsala, shi ya sa suke komawa ga farar ƙasa. Mutanen Jenne a Mali kuwa duk shekara suke fitowa gayya su yaɓe babban masallacinsu, wanda ke tsaye tun 1907.

Akwai hanyar haɗa tsoho da sabo. A garin Dandaji na Nijar, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan garin. Irin haka za ta yiwu a Ɗanzomo: harsashi na siminti, bango na ƙasa, rufin da ke kore ruwa. Da ɗan gari akan ci gari, maginin da ya san wane kududdufi ne ke da ƙasar kirki yana riƙe da ilimin da ba a sayowa a kanti. Ya kamata ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel su sa dattawan magina cikin shirin koyar da sana'a, a dasa giginya da ɗorawa, a kuma ba dattawan aikin gina zaure ko ɗakin karatu tun suna da ƙarfin hawa bango su nuna wa yara.