Ceton Haƙori a Madarumfa da Jagorar da Sabon Likita ke Buƙata

A gundumar Madarumfa, wadda ke kudu da birnin Maraɗi kusa da iyakar Najeriya, mai ciwon haƙori ba ya yawan zuwa asibiti sai bayan ya gwada kanumfari da ƙwayoyin kashe zafi na kasuwa, har kunci ya kumbura barci ya gagara, kuma a lokacin abin da yake roƙo shi ne a cire haƙorin ya huta. Matsalar ta game duniya, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kimanin biliyan 2 daga cikinsu kuma ruɓewar haƙoran girma ce ke damun su. Sai dai haƙora da yawa da ake cirewa suna iya tsira ta hanyar aikin wanke saiwa.

A cikin kowane haƙori akwai wani nama mai laushi da ya ƙunshi jijiya da hanyoyin jini, wanda ya sauka ta wasu siraran ramuka har ƙarshen saiwa, kuma idan ruɓa ta kai gare shi ƙwayoyin cuta sukan kashe shi, mugunya ta taru a cikin ƙashin muƙamuƙi. Likita yakan yi allurar kashe zafi, ya huda saman haƙorin, ya kwashe mataccen naman da wasu ƙarafa masu kama da allura, ya wanke ramukan da ruwan sodiyom haifokulorait mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya toshe su da gata-faca, wato ƙaron wata bishiya ta kudu maso gabashin Asiya, kafin ya rufe saman da ciko mai ƙarfi ko hular haƙori.

Aikin yana da wuyar sha'ani ga wanda bai daɗe da karɓar takardar shaida ba, ko a Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ya yi karatu ko a Jami'ar Bayero ta Kano. Haƙorin gaba na sama rami ɗaya gare shi, amma turmin farko na sama sau da yawa yana da huɗu, na huɗun kuma yakan ɓuya, ta yadda idan aka tsallake shi ciwon zai dawo bayan watanni. Ƙarfen aiki yana iya karyewa a saiwa mai lanƙwasa idan aka tura shi da ƙarfi, kuma wajibi ne a tsaya kimanin rabin milimita zuwa milimita 1 kafin ƙarshen saiwa, ma'aunin da ake tabbatarwa da hoton eksire. Haka nan shimfiɗar roba da Sanford Barnum ya ƙirƙiro a Amurka a 1864, wadda ke raba haƙori da yawu, ta kuma hana majinyaci haɗiye ƙarfe, ba abar da za a ajiye ba ce saboda gaggawa.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gogaggen likita shi ke sa sabo ya saba da hannunsa a kan haƙoran da aka riga aka cire, ya fara da na gaba kafin turame, ya kuma turo masa hoton eksire ta waya su duba tare kafin a toshe rami. Shi ke koya masa cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya warkar da matacciyar jijiya, da kuma cewa kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ya hana haɗiya ko numfashi lamari ne na gaggawa da ake turawa babban asibitin Maraɗi nan take.

Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya na jihar Maraɗi su haɗa duk sabon likitan haƙori da aka tura karkara da wani babba da zai riƙa bibiyar aikinsa, su kuma wadata shi da na'urar hoto da tukunyar tsaftace kayan aiki. Jama'ar Madarumfa su ma su riƙa zuwa tun haƙori yana tsami da ruwan sanyi, domin a wannan mataki ciko kaɗai kan wadatar.